Ranar da Na Kai Ƙarar Tanne

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya na Filinge ina buga hatimi ina raba wasiƙu, kuma ban taɓa ganin takardar koke ta shigo ba tare da wani ɗan Adam ya zauna ya karanta ta ba. Wannan sabon shi ya cuce ni. A tunanina duk inda aka ce a kawo ƙara, akwai mutum zaune a bayan tebur, mai kunne, wanda ya san wane ɗan wane ne. Sunana Kailu. Shekara tara ke nan da na ajiye aiki, matata ta rasu, 'ya'yana biyu suna Yamai. Gidan ɗaki huɗu ne, ni kaɗai ne a ciki, sai wata tunkiya da ba ta kula ni sai ta ga dusa a hannuna.

Tanne ɗiyar kawuna ce, wato taubashiyata. Ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito, a Tabla. A wurinmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne, haka muka tarar. Babu igiya, babu ciniki, baki ne kawai. Tana da ikon ta kira ni bawanta a gaban kowa, ta fizge mini hula a tsakiyar kasuwa, ni kuma in ce da ita mummuna, marowaciya, duk abin da ya zo bakina. Sharaɗin guda ne, ba a fushi. Wanda ya yi fushi da taubashinsa ya zubar da kansa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Tun muna korar tsuntsaye a gonar gero Tanne take zagina, ban kuma taɓa cin ta ko sau ɗaya ba.

Aure ya kai ta Lome shekara arba'in da suka wuce. Atamfa take sayarwa a can, mijin ya rasu, ta yi zamanta wurin 'ya'yanta. Sau uku kacal ta zo gida. Da wasiƙa ta mutu sai muka yi shekaru ba ma jin juna, har aka kawo Laima.

Laima dandalin zumunta ne na cikin salula. Sunansa na gaskiya yana karya harshe, mu dai hoton laimar da ke jikinsa muka duba muka raɗa masa suna. Mansur mai gyaran salula a bakin tasha, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ya buɗe mana rukuni a ciki, ya sa masa suna Kurfayawa Gida da Waje. Kafin shekara ta zagayo mun haura ɗari huɗu: na Abijan, na Kwatano, na Ankara, na Libiya, da mu da muka rage muna gadin gari. Shi ya sa mini abin a wayata, ya nuna mini inda ake dannawa, yana magana a hankali kamar mai koya wa kurma. Na ce da shi ina aika telegram tun ubansa bai yi kaciya ba.

Kowace safiya in na sha koko sai in ja kujera gindin bedin ƙofar gida, in sa tabarau. Kafin in buɗe ma na san ta riga ni.

"Bawana, ka tashi ko sai na aiko da bulala?"

"Na tashi, tsohuwar banza. Haƙora nawa sunka rage maki?"

Shi ke nan fa, wani lokaci iyakar hirar ke nan. Amma ba zan ɓoye ba, da wannan zagin nake wuni. Idan mutum ya tsufa a gari, kowa durƙusa masa yake yi, kowa ya gaishe shi ya wuce da sauri. Sa'o'ina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Duk duniya Tanne kaɗai ta rage da ke iya kallon furfurata ta ce mini sakarai, kuma in ji daɗi har cikin raina.

Laima ba ta daɗe tana da kirki ba. Da farko in ka buɗe, mutanenka kake gani. Daga baya sai ta fara cusa mana tallan takalmi da man bilicin, da bidiyon wasu ƙattai suna faɗowa daga babur a ƙasar da ban san sunanta ba. Ka nemi labarin gida sai ka yi ta ja da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a wake. Ga nauyi, ga rezo, wato sabis ɗin waya, na Filinge da ba ya son wahala, sai ƙaramar da'ira ta yi ta juyawa kana kallo. Da yayan abokina Ɗandije ya rasu a Tabla, sanarwar ba ta iso idona ba sai bayan kwana huɗu, a ƙarƙashin bidiyon wata kyanwa mai buga ganga. Na je gaisuwa da kunya. Kowa yana gunaguni, amma babu mai tafiya, tunda kowa yana nan.

Ranar Sallar Layya ɗiyata Latifa ta aiko mini da shadda ruwan toka. Na sa, Mansur ya ɗauke ni hoto a ƙofar shagonsa ya saka a rukuni. Ba a yi minti goma ba Tanne ta rubuta a ƙasa:

"Wa ya ba bawana shadda? Ku kama mani shi ku ɗaure, ran Lahadi in kai shi kasuwar Baleyara in saishe shi tare da jakkai. Ko kuɗin akuya ba ya yi."

Rukuni ya ɗauka. Fuskokin dariya sun fi sittin. Na zauna ina neman amsar da za ta kashe bakinta, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Sai idona ya kai kan wasu ɗigo uku a gefen maganarta. Na danna, jerin kalmomi ya fito da Faransanci, a ciki har da Signaler, wato kai ƙara.

To a nan ne na yi dariya ni kaɗai. A ƙasarmu ta Kurfai taubashi yana kai ƙarar taubashi gaban maigari, kuma maigari ya zauna ya ɗaure fuska ya yi shari'a, jama'a suna riƙe ciki. Muna samari na taɓa kai Tanne don ta ɓoye mini takalma, maigarin Tabla ya yanke hukunci cewa bawa ba shi da takalmi, ya ci ni tarar goro biyu. Na ɗauka ƙarar nan wurin Mansur za ta je, tunda shi ne maigarin rukuni, gobe ya kafa kotu mu yi kwana uku muna sha'ani. Abin ya tambaye ni laifin da aka yi mini. Na bi jerin da yatsa, na zaɓi mafi muni: barazana da cinikin mutane. Sannan na koma na rubuta inda kowa zai gani:

"Tanne, na kai ƙararki wurin manya. Ki tanadi goro."

Aka sake kwashewa da dariya. Ita ma ta aiko da fuskar dariya guda uku.

Washegari na sha koko, na ja kujera, na sa tabarau. Babu komai. Na ce ko gajiyar Sallah ce. Da hantsi na sake dubawa, sai na ga hotonta ya ɓace, an bar wani farin kai marar fuska, sunanta ma babu. Na sa takalmi na nufi tasha.

Na tarar da Mansur ya sunkuya a kan wata waya da ya farke. Na ce, "Mansur, ƙarar da nik kawo maka, yaushe za ka zamna shari'a?"

"Wace ƙara, Baba?"

Na nuna masa ɗigon nan uku. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya karɓi wayata, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, wanga kad danna?"

"Shi na. Mi ya hwaru?"

"Wagga ƙara ba wurina take zuwa ba. Can take tahiya." Ya nuna sama da sukundireba. "Inji na ka karanta ta. Ya juya maganar Inna Tanne cikin Faransanci, ya ga bawa, ya ga ɗaurewa, ya ga saidawa kasuwa. Ga kuma mai ƙara da kainai ya ce barazana ta. Sun ruhe kont ɗinta, sun hidda ta daga Laima."

"To su buɗe. Wasa na."

"Wa za ya gaya musu?"

Na ce ni zan gaya musu. Na koma gida na ɗauko takarda da biro, na rubuta shafi uku da Faransancin da ban yi irinsa ba tun ina aiki. Na bayyana musu mene ne taubashi, na ce ni ne mai ƙara kuma na janye, na ce matar nan shekararta sittin da shida kuma ko kaza ba ta iya yankawa. Mansur ya buga a waya ya aika. Ban gama mayar da tabarau aljihu ba amsa ta dawo: sun duba da kyau, hukuncinsu yana nan, sun gode da na taimaka wajen tsare al'umma. Shafi uku! Ni da na yi aikin takarda na san lokacin da ido ke ɗauka kafin ya sauka shafi ɗaya. Sau huɗu ina aikawa, sau huɗu amsar nan tana dawowa, da waƙafi ɗaya da suka sa a inda bai dace ba.

Lambar Tanne da ke littafina ta daɗe da mutuwa, shekara shida a Laima kawai muke magana. Wani ɗan Kurfai da ke Lome ya ba Mansur lambar ɗiyarta Basiratu. Na kira. Basiratu ta gaishe ni da ladabi, ta ce Inna ta tafi kasuwa. Na kira jibi, Inna tana salla. Na kira ranar Juma'a, Inna ta kwanta kanta yana ciwo. Na yi shekaru a bayan kanta, na san muryar mai cewa babu alhali akwai.

Ban sani ba ko ƙarata ce ta jawo idon injin nan kanmu, ko dama yana tafe. Abin da na sani, kafin wata guda an rufe mutum goma sha ɗaya a rukuninmu. An dakatar da Ɗandije kwana talatin don ya ce zai yanka taubashinsa ya yi kilishi. Wani Ba'are da wani Bafillace da suka shekara uku suna gwabza wasan taubasantaka, kowa yana jiran nasu da yamma, duk biyun aka kwashe su rana ɗaya. Mutane suka fara rubuta bawa da tauraro a tsakiya, wasu su ce mai sunan nan da ba a faɗi. Wasa kuwa in aka sa masa takunkumi ya tashi daga wasa. Rukunin ya koma barka da Juma'a da hoton furanni.

Damina na sauka Mansur ya yi sanarwa. Ya ce akwai wani sabon dandali, Fitila, ba shi da nauyi, ba shi da talla, kuma saƙo a rufe yake tafiya, babu injin da ke leƙawa. Ya buɗe rukuni a can, mai so ya biyo. Wasu suka ce ai duk halinsu ɗaya, yau babu talla gobe akwai. Amma masu faɗin hakan ma suka bi, don inda mutanenka suke nan za ka.

Ni na ƙi. Na ce ba inda za ni sai an buɗe wa Tanne. Ni na rufe ƙofar, in na tafi wa zai tsaya yana bugawa? Kowace safiya sai in zauna gindin bedi ina karanta ƙananan layukan nan masu launin toka: wane ya fita, wance ta fita. Ran nan mutum arba'in suka fita kafin azahar. Gero ya yi kai, ya yi bununi, ni ina nan. Nakan rubuta, "Ruwa ya sauka Filinge jiya, kwari ya cika." Babu amsa, sai tallan takalmi ya fito a ƙasa. Na ji kaɗaici a gidan nan bayan rasuwar matata, amma wannan daban ne, don ni na jawo shi da yatsana.

Wata rana na buɗe jerin waɗanda suka rage. Mu tara ne. Na bi sunayen, huɗu daga ciki na je jana'izarsu da ƙafata. Har da Jatau, yayan Tanne, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce, yana nan da hularsa a karkace yana murmushi. Matattu ba sa fita daga rukuni, babu mai danna musu.

A ranar na sake kiran Basiratu. Kafin ta ce Inna tana wani wuri na tare ta.

"Basiratu, ni ba yaro ba na. Gaya mani gaskiya."

Na ji ta tashi ta canza wuri, hayaniyar gidan ta ragu.

"Kawu, muryar Kawu Jatau tana cikin kont ɗin nan. Shekara biyu yana aiko mata da saƙon murya, kullum. Yana ba ta labarin gona, yana yi mata waƙar da kakarku ka yi in tana daka. Har na ƙarshe da yay yi a gadon asibiti a Yamai. Duk ran Juma'a sai ta kunna ta saurara. Da anka ruhe, duk sun tahi. Mun kai wurin masu gyara uku."

Na ce wayar Jatau fa? Ta ce an sayar tun bayan arba'in, lambar sirrinsa kuwa da ita aka binne shi.

"Ran da yar rasu ba ta yi kuka haka ba, Kawu."

"Ta yi hushi da ni."

"A'a. Ta ce ba a hushi da taubashi. Ta ce kada wanda ya ce ta yi hushi."

Da ma ta yi. Da ta yi fushi, da na san abin yi: in hau mota in je Lome in durƙusa, ta zazzage ni, dangi su shiga tsakani. Amma al'adar da ta ba ta bakin zagina ita ce ta hana ta fushi, ni kuma ta hana ni ba da haƙuri, don in na ce ki yafe mini na tabbatar ke nan cewa abin da ke tsakaninmu ya zama laifi na gaske. Na zauna da wayar a cinya har tunkiyar ta zo tana tunkuɗar kujera.

Sai da aka gama yankan gero na je wurin Mansur na miƙa masa wayar. Bai yi mini gori ba, Allah ya yi masa albarka. Ya sa mini Fitila, ya tambaye ni ko ya goge Laima. Na ce ya bar ta.

Ina buɗewa hayaniya ta cika mini ido. Kowa yana nan. Ɗandije yana ta yanka mutane yana kilishi da su, Ba'aren nan da Bafillacensa sun ɗora daga inda suka tsaya. Aka yi mini maraba, wani ya ce a ɓoye ɗigo uku ga Baba Kailu ya iso, aka yi dariya, ni ma na aika da tawa. Sai na gan ta. Sabon hoto, ta ɗan rame, ɗankwali shuɗi. Tana rubuta wa Ibrah, ɗan ƙanwar uwata da ke Kwatano, shi ma taubashinta ne:

"Ibrah bawan banza, wa ya ba ka izinin yin ƙiba?"

Na karanta ya fi sau biyar. Kishi ya kama ni, ni da furfurata, a kan zagi.

Kwana biyu ina jira ko za ta taɓa ni a rukuni. Ba ta taɓa ni ba. A rana ta uku da safe na buɗe wurin da ake magana mutum biyu, na danna alamar murya, don kada ta ce wani ya rubuta mini. Na gyara murya na yi ta da ƙarfi kamar babu komai:

"Ke tsohuwa mai rowa! Kin gudu kin bar bawanki da yunwa. Wa kib bar ma ni? Ko jakkan Baleyara ana ba su ƙaiƙayi."

Shekara sittin ban taɓa amsa sunan bawa da bakina ba, sai ranar. Na san za ta gane abin da na miƙa mata.

Alamar ta nuna ta saurara. Na jira. Mai tallan fura ta wuce, na jira. Rana ta cinye inuwar bedin na ja kujera baya. Wajen sha ɗaya saƙo ya shigo, murya ce, daƙiƙa goma sha huɗu. Fitila ba ta da nauyi kamar yadda aka faɗa, nan take ya buɗe, muryarta ta fito tas kamar tana zaune a kan tabarma kusa da ni.

"Salamu alaikum, Malam Kailu. Kun kwana lahiya? Ina gajiya, ina gida? Mun ji saƙonku, mun gode ƙwarai. Allah shi ƙara maku lahiya, shi bar zumunci."

Ku. Sai da na waiwaya, wallahi, in ga ko da wani a bayana. Babu rawa a muryar, babu gatse, na saurara sau uku ina neman inda ta ɓoye dariya ban samu ba. Gaisuwa ce cikakkiya, irin wadda ake yi wa surukin da ake jin nauyi.

Na danna alamar murya, na riƙe, bakina ya kasa kawo zagi ko ɗaya. Abin da ya fito shi ne, "Amin, Hajiya. Mun gode. A gaida yara."

Tun daga ranar muna gaisawa kowace Juma'a. Ba ta taɓa fashi ba.